Kashi 95 cikin 100: Nazari kan ƙa'idar zaman jarrabawa a makarantun Amurka

Duk shekara, galibi tsakanin Maris da Mayu, yaran makarantun gwamnati a Amurka daga aji 3 zuwa aji 8 suna zama jarrabawar jiha a fannin karatu da lissafi, sannan su ƙara zama sau ɗaya a babbar sakandare. Ta kimiyya kuwa sau uku ake yi wa yaro kafin ya gama makaranta. Wannan jarrabawa ta sha bamban da WAEC ko NECO da muka sani, domin a mafi yawan azuzuwa ba ta ba yaro takardar shaida. Makarantar ake aunawa da ita: shin tana koyarwa ko kuwa tara yara kawai take yi? Tunda makaranta ce a kan sikeli, dokar tarayya ta gindaya sharaɗi cewa lallai aƙalla kashi 95 cikin 100 na ɗaliban da jarrabawar ta shafa su zauna, kuma a sami wannan adadi a cikin kowane rukuni na ɗalibai, wato 'ya'yan talakawa, da masu naƙasa, da masu koyon Turanci, da kowane babban rukunin launin fata ko ƙabila.

An gina ƙa'idar ne a kan zato guda: duk yaron da ba a gani a ɗakin jarrabawa ba, akwai yiwuwar makaranta ce ta ɓoye shi. Zaton yana da tushe, kuma ƙa'idar ta yi maganin abin da aka kafa ta dominsa. Inda ta gaza shi ne ranar da iyaye da kansu suka fara hana 'ya'yansu zama, domin lissafinta ba ya rarrabe yaron da aka ɓoye da yaron da aka janye.

Asalin ƙa'idar

A tsarin mulkin Amurka ilimi hurumin jihohi ne. Gwamnatin tarayya ba ta gina makarantun firamare da sakandare na gari, ba ta ɗaukar malamansu, kuma abin da take zubawa bai wuce kusan kashi ɗaya bisa goma na kuɗin da ake kashe musu ba. Ƙofar da ta shiga harkar ita ce dokar ilimin firamare da sakandare ta 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a cikin shirinsa na yaƙi da talauci. Babin farko na dokar yana ba da tallafi ga makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa a cikinsu, tallafin da a 'yan shekarun nan ya kai wajen dala biliyan 18 a shekara. Jiha tana da ikon ƙin karɓa, amma idan ta karɓa sai ta bi sharuɗɗan. Duk ƙarfin ƙa'idar kashi 95 daga wannan kuɗi ya fito.

Tun a shekarun 1990 wasu jihohi da birane suka fara hukunta makarantu ko saka musu da alheri bisa sakamakon jarrabawa. Ba a jima ba masu bincike suka lura da wani abu. Brian Jacob ya nazarci makarantun Shikago bayan tsarin da aka shigo da shi a 1996, ya ga an ƙara tura yara ajin masu buƙata ta musamman, waɗanda ba a sa makinsu a lissafin makaranta. David Figlio da Lawrence Getzler sun gano irin wannan a Fulorida, inda yara masu rauni a karatu, musamman 'ya'yan talakawa, suka yi ta komawa jerin masu naƙasa bayan an fara jarrabawar. A wani binciken na daban, Figlio ya nuna cewa idan yara biyu suka yi laifi iri ɗaya a lokacin jarrabawa, mai raunin karatu ya fi samun doguwar kora daga makaranta. Walt Haney ma a shekarar 2000 ya ƙalubalanci nasarar da ake yaba wa Teksas da ita, yana nuni da yaran da suka salwanta daga lissafi. Dabarar ɗaya ce da ta mai sayar da tumatir da ke jera manya a bakin kwando, ya tura waɗanda suka lalace ƙasa.

Dokar da aka yi wa laƙabi da Kada A Bar Yaro A Baya, wadda aka fi sani da NCLB, ta zo ne don toshe wannan kafa. Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu ranar 8 ga Janairun 2002. Ta ce kowace makaranta sai ta nuna ci gaba duk shekara har dukan yara su kai matakin ƙwarewa a 2014, kuma makarantar da ba ta zaunar da kashi 95 ba, ko da a rukuni ɗaya ne, ta faɗi a wannan shekara kome kyan sakamakonta. A zamanin wannan doka, makarantar da ke cin tallafin tarayya, idan ta faɗi shekara biyu a jere, dole a ba iyaye damar sauya wa 'ya'yansu makaranta. Idan abin ya ci gaba sai a sa darasin ƙari, daga nan a taɓa malamai ko manhaja, a ƙarshe a sake wa makarantar fasali baki ɗaya.

Yadda lissafin yake aiki

Ƙaramin misali zai nuna abin da ake gudu. A ɗauka makaranta tana da yara 200, kuma 100 ne za su iya cin jarrabawar. Idan kowa ya zauna, sakamakonta kashi 50 ne. Idan shugaban makaranta ya san yadda ya yi yara 40 mafiya rauni ba su zo ba, sai a raba 100 da 160, sakamakon ya tashi zuwa kashi 62.5. Ba a koya wa kowa ko harafi ɗaya ba, amma a takarda makarantar ta yi fice. Yaran 40 kuwa su ne ainihin waɗanda aka yi dokar tallafin saboda su.

Shi ya sa aka matsa a kan rukuni-rukuni. Makaranta mai yara 1,000 tana iya barin masu naƙasa 45 a gida kuma har yanzu ta haura kashi 95 a jimla. Ƙirga kowane rukuni daban shi ke tona wannan asiri. Sai dai matsin ya zo da tasa matsalar. A rukunin yara 40, rashin biyu ya kai makaranta daidai kan iyaka, na uku kuwa ya sauko da ita zuwa kashi 92.5. Zazzaɓi ya kwantar da yara uku, makaranta ta faɗi. Wannan ya sa a 2004 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sassauta, ta yarda a haɗa alƙaluman shekara biyu ko uku a fitar da matsakaici, a kuma cire yaron da wata babbar larurar lafiya ta hana shi zama.

Akwai wasu ƙofofin da doka ta bari a buɗe amma ta ƙayyade faɗinsu. Yaran da ke da naƙasar fahimta mai tsanani suna zama wata jarrabawa ta daban, kuma a dokar yanzu bai kamata yawansu ya wuce kashi 1 cikin 100 na duk waɗanda aka yi wa jarrabawa a jihar ba. Yaron da ya shigo ƙasar bai cika shekara ba kuma bai iya Turanci ba ana iya ɗauke masa jarrabawar karatu sau ɗaya. Kowace iyaka daga cikin waɗannan an ja ta ne a wurin da aka taɓa ganin makarantu suna zurarewa.

Da iyaye suka ce a'a

Fiye da shekara goma ƙa'idar ba ta tayar da ƙura ba. Makarantu suna zaunar da kusan kowa, rigimar kuwa tana kan burin 2014, wanda ya gagara: zuwa 2011 kusan rabin makarantun ƙasar sun kasa cika mizanin shekara. Gwamnatin Obama ta fara ɗauke wa jihohi wasu sharuɗɗan, amma bisa yarjejeniyar su ɗaga matsayin manhaja kuma su sa sakamakon ɗalibai cikin ma'aunin aikin malamai. Gasar tallafi ta sama da dala biliyan 4 da ta ƙaddamar a 2009 ita ma nan ta dosa.

A jihar Niyu Yok ne abin ya fashe. A 2013 jihar ta sauya jarrabawarta ta dace da sabuwar manhajar bai-ɗaya da ake kira Common Core. Yawan yaran da suka ci ya faɗo zuwa kashi 31, alhali a 2012 kashi 55 ne suka ci karatu, kusan kashi 65 suka ci lissafi. Iyaye suka wayi gari ana ce musu 'ya'yansu ba su ƙware ba. Sakataren ilimi Arne Duncan ya ƙara wa wutar fetur a ƙarshen shekarar, da ya danganta ƙorafin da iyaye mata farar fata na unguwannin bayan gari waɗanda suka gano 'ya'yansu ba su kai hazaƙar da suke zato ba. A farkon 2015 Gwamna Andrew Cuomo ya nemi a ɗora rabin makin aikin malami a kan sakamakon jarrabawa, ƙungiyar malaman jihar kuwa ta fito ta goyi bayan ƙaurace wa jarrabawar.

A wannan shekara yara sama da 200,000 suka ƙi zama, wato kashi 20 cikin 100 na waɗanda ya kamata su zauna. A 2016 adadin ya kai kashi 21. Hanyar mai sauƙi ce: uba ko uwa su rubuta wa shugaban makaranta wasiƙar ƙin yarda, ranar jarrabawa yaro ya zauna a wani ɗaki yana karanta littafinsa. A yankin Long Island kusan rabin yara ne suka ƙaurace, amma a cikin birnin Niyu Yok kansa, inda talakawa da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka fi yawa, abin bai kai kashi 2 ba a 2015. Alƙaluman ma'aikatar ilimin jihar sun nuna waɗanda suka ƙi zama sun fi yawa cikin farar fata da gundumomin da ba su da talauci sosai. Binciken da aka yi a kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Columbia a 2016 ya zo da kwatankwacin haka: masu jan ragamar yunƙurin galibi iyaye ne masu ilimi mai zurfi da rufin asiri, kuma da yawansu sun ce abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne auna malamai da jarrabawa da kuma yadda shirin jarrabawa ya cinye lokacin koyarwa.

A nan aka ga rabuwar kai tsakanin mutanen da suka saba tafiya tare. A watan Mayun 2015 ƙungiyoyi 12 na kare haƙƙin jama'a, cikinsu har da NAACP da National Urban League, suka fitar da sanarwar adawa da ƙauracewar. Hujjarsu ita ce waɗannan alƙaluma su ne makamin da suke kai ƙara da shi idan an zalunci 'ya'yan baƙaƙen fata da masu naƙasa, kuma sun sha gwagwarmaya kafin a yarda a riƙa ƙirga yaran nan. Idan masu hali suka janye 'ya'yansu, sun lalata ma'aunin da marasa hali suka dogara da shi, su kuwa babu abin da suka rasa.

Dokar 2015 da baki biyu

Ana cikin wannan hali Majalisar Dokoki ta maye gurbin NCLB da dokar Kowane Ɗalibi Ya Ci Nasara, wato ESSA, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu ranar 10 ga Disamban 2015. Sabuwar dokar ta yi magana da baki biyu. A wani sashe ta riƙe sharaɗin kashi 95 yadda yake. A wani sashen ta ce babu abin da ke cikin tanadinta na jarrabawa da zai soke dokar jiha ko ta ƙaramar hukuma game da shawarar iyaye na hana ɗansu zama. Ta kuma ɗauke faɗuwar kai-tsaye, ta bar wa kowace jiha ta bayyana yadda za ta sa maganar halarta cikin tsarinta na auna makarantu.

Amma ta dasa hukuncin a cikin lissafi. Wajen fitar da sakamakon makaranta, dole a raba yawan waɗanda suka ci da ɗaya daga cikin lambobi biyu, wadda ta fi girma: yawan waɗanda suka zauna, ko kashi 95 na dukan ɗalibai. A koma makarantar nan mai yara 200. A ce iyaye sun janye 80, 120 sun zauna, 90 sun ci. A tsakanin waɗanda suka zauna sakamakon kashi 75 ne. A lissafin tarayya sai a raba 90 da 190, ya koma kashi 47. Yara 70 da ba su taɓa takardar ba an rubuta su tamkar sun faɗi.

Ga makarantar da ke ɓoye yara, wannan lissafi ya yi daidai, domin ya kashe ribar ɓoyewar. Ga makarantar da iyaye suka ƙaurace wa kuwa, lambar da ta fito ba ta faɗin komai game da koyarwa. Kuma lambar tana da nauyi, domin doka ta wajabta wa jiha ta ware kashi 5 cikin 100 na makarantun da ke cin tallafin tarayya da suka fi koma baya, a sa musu ido da shirin gyara. Idan makarantar masu hali ta faɗa wannan sahu saboda ƙauracewa, tana iya tare gurbin wadda ke da buƙata ta gaskiya.

Gwamnatin Obama ta so ta ƙara ɗaure igiyar. A ƙarshen 2015 ta aika wa jihohi fiye da goma wasiƙar gargaɗi, a Nuwamban 2016 kuma ta fitar da ƙa'idojin da suka jera matakan da jiha za ta zaɓa a kan makarantar da ta gaza. A Maris na 2017 Majalisa ta soke ƙa'idojin, Majalisar Dattawa da ƙuri'a 50 da 49, Shugaba Trump ya sa hannu. Sai aka koma kan nassin doka tsurarsa.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi

Daga nan kowace jiha ta kama gabanta. A Kalifoniya doka ta daɗe da ba iyaye damar rubuta takarda a ɗauke wa ɗansu jarrabawa. Oregon ta yi doka a 2015 da ta tilasta wa makarantu su sanar da iyaye wannan 'yanci tun kafin lokaci. Yuta ma ta amince da shi. Kolorado ma a 2015 ta umarci gundumomi su tanadi hanyar da iyaye za su nemi uzuri, kuma a tsarinta na jiha ba a ɗora wa makaranta laifin uzurin iyaye. Pensilbaniya ta yarda ne bisa dalilin addini kawai, bayan iyaye sun je sun duba takardun. Teksas kuwa dokarta ta ce ƙarara ba a cire yaro daga aji don guje wa jarrabawa. Niyu Yok ta ɓullo da lissafi biyu, ɗaya bisa ƙa'idar tarayya, ɗaya da waɗanda suka zauna kawai, ta haɗa su don rage wa makarantun da aka ƙaurace wa raɗaɗi.

Shugaban makaranta a Oregon yana cikin tsaka mai wuya: dokar jiha ta ce ya aika wa iyaye takardar da za su cike su janye ɗansu, dokar tarayya kuma za ta rage masa maki idan suka cike ta da yawa. Ikon yanke shawara yana hannun iyaye, alhakin yana wuyansa.

Barazanar yanke kuɗi kuwa ta tsaya a takarda. Duk da shekarun da Niyu Yok ta yi ƙasa da kashi 95, ba a janye mata tallafin ba, kuma dalilin a fili yake: kuɗin na 'ya'yan talakawa ne, masu ƙauracewar kuwa galibi ba su ba ne. Abin da ya faru shi ne jihar ta ja da baya. A Disamban 2015 ta dakatar da amfani da sakamakon wajen auna malamai na shekara huɗu, a 2016 ta cire ƙayyade lokaci, a 2018 ta rage kwanakin kowace jarrabawa daga uku zuwa biyu. Zuwa 2019 masu ƙauracewa sun ragu zuwa kashi 16. Sauraron koke ne ya dawo da wasu iyayen, amma bai dawo da jihar kan kashi 95 ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A Maris na 2020 annobar korona ta sa aka ɗauke wa dukan jihohi jarrabawar. A 2021 gwamnatin Biden ta ce a yi, amma ta ba da damar jingine hukuncin kashi 95. A Niyu Yok kusan yaro huɗu cikin goma ne suka zauna. Wannan shekara ta ƙarfafa hujjar masu kare ƙa'idar, domin a daidai lokacin da aka fi buƙatar sanin wane yaro ne ya fi asarar karatu, alƙaluman jihohi da dama ba su kwatantu da na baya ba.

Abin da ƙa'idar ke iyawa da abin da ya gagare ta

Ƙa'idar ta haɗa ayyuka biyu a lamba ɗaya. Na farko shi ne tsare sahihancin alƙaluma, na biyu horar da makarantar da ta yi maguɗi. A zamanin da makaranta ce kaɗai ke da dalilin rage masu zama, ayyukan biyu suna tafiya tare. Da iyaye suka shigo sai suka rabu. Lambar kashi 47 ta misalin can ba ta hori mai laifi ba, kuma ba ta ba da labarin gaskiya ba.

Duk da haka soke ƙa'idar ba mafita ba ce, kuma akwai dalili a cikin alƙaluman Niyu Yok ɗin kansu: yaran da suka ƙi zama a 2015 sun ɗan fi sauran yawan waɗanda ba su ci ba a shekarar da ta gabata. Idan aka ce uzurin iyaye ba ya shiga lissafi sam, an buɗe wa shugaban makaranta sabuwar hanya. Ba sai ya kori yaro ba, ya isa ya kira mahaifiyar yaro mai rauni ya ce mata jarrabawar za ta wahalar da ɗanta, ga takarda nan in tana so.

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a raba ayyukan biyu. A buga sakamakon waɗanda suka zauna yadda yake, a gefensa a buga yawan waɗanda ba su zauna ba, rukuni-rukuni, tare da dalili da kuma matsayin karatunsu a shekarar baya. Inda halarta ta yi ƙasa sosai, a ce wannan shekara ba a iya auna makarantar ba, a tura masu duba su gano dalili. Idan waɗanda suka ɓace masu naƙasa ne da masu raunin karatu, hannun makaranta ya fito, sai a hukunta ta. Idan kuwa rabin unguwa ne suka janye, wannan saƙo ne ga masu tsara jarrabawar, kuma su ya kamata su amsa.

Darasin ya shafe mu ta fuska guda. Idan aka fitar da sakamakon NECO ko WAEC ana jera jihohi da makarantu bisa yawan waɗanda suka ci darussa biyar, ba a cika tambayar su wa aka bari suka zauna ba. A jihar da gwamnati ke biya wa waɗanda suka tsallake jarrabawar tantancewa kuɗin rajista, kamar yadda aka saba a Kano, an riga an tace masu zaman tun kafin ranar jarrabawa, kuma ɗan talakan da bai tsallake ba, iyayensa kuma ba su da abin biya, ba zai bayyana a kowane jadawali ba. Duk wanda ya kawo mana kason waɗanda suka ci, haƙƙinmu ne mu nemi ya kawo yawan yaran da ke ajin ƙarshe a wannan shekara, da yawan waɗanda suka kai ɗakin jarrabawa, kafin mu yaba ko mu kushe.